Aikin da Aka Ba Ni a Kwas: Bin Sawun Vahid Halilhodzic

A kwas ɗin horar da kociyoyin ƙananan ƙungiyoyi da na shiga, bayan an gama da mu a kan dokokin wasa da taimakon gaggawa da yadda ake tsara atisaye, sai aka zo kan aikin da kowa zai yi shi kaɗai. Kowane ɗalibi zai ɗauki koci guda, ya bi rayuwarsa tun yana ɗan wasa, ya zaɓi wasa ɗaya cikin waɗanda ya jagoranta ya feɗe shi, sannan ya tsaya gaban aji ya yi bayani a yi masa tambayoyi. Daga nan a fita fili ya nuna atisaye ɗaya da ya ciro daga wancan wasan. Malaminmu dattijo ne da ya taka leda a zamaninsa, ba ya son dogon surutu. Ya ce, "Kada wanda ya kawo mini jerin kofuna. Wannan ko yaron gidan kallo ya haddace. Ina so in ji abin da mutumin ke yi idan ya sauka a ƙungiya, da kuma abin da ke fitar da shi."

Kafin ya rufe baki an wawashe Guardiola da Mourinho da Ancelotti. Mutum biyu suka yi ta ja-in-ja a kan marigayi Stephen Keshi har sai da Malam ya raba su. Da aka zo kaina na ce Vahid Halilhodzic. Rabin ajin ba su gane sunan ba, sai da na ce tsohon nan ɗan Bosniya da ya wahalar da Jamus lokacin yana riƙe da Aljeriya. Nan take aka tuna. Ranar 30 ga Yuni, 2014 ce, a kofin duniya na Birazil, azumi ya kama ke nan. Da yamma Faransa ta fitar da Najeriya da ci 2-0, bayan asham muka koma gidan kallo da sauran ɓacin rai, sai ga Aljeriya ta riƙe wa Jamus wuya har minti 90 babu ci. Tun wannan daren nake son sanin wane ne mutumin nan mai furfura da ke kai-komo a bakin layi.

Na sayi sabon littafin rubutu, na raba kowane shafi gida uku: yadda ya tarar da ƙungiya, abin da ya canza, yadda suka rabu. Matsalar farko ita ce harshe. Mafi yawan hirarrakinsa da Faransanci suke, sauran kuma da harshen ƙasarsu. Allah ya haɗa ni da wani abokina ɗan Maraɗi mai sayar da kayan waya a kasuwa, wanda ya yi bokonsa da Faransanci. Idan ya rufe shago sai mu zauna a kan benci, ya jingina waya da gwangwanin madara, ya kunna hira, ya dakatar, ya faɗa mini, in rubuta. Shi ya fara lura da cewa Faransawa ba sa wahalar da kansu da dogon sunan, Koci Vahid kawai suke ce masa.

An haife shi a 1952 a Jablanica, wani ƙaramin gari a bakin kogin Neretva, lokacin Bosniya tana cikin Yugoslabiya. Daga ƙungiyar garinsu ya koma Velez ta birnin Mostar, inda yayansa Salem ya riga shi buga wasa. Ɗan wasan gaba ne, dogo, mai ƙarfi, gwanin ci da ka da ƙafa, kuma ya ci wa Velez ƙwallaye sama da 100 a lig. A 1978 yana cikin tawagar Yugoslabiya da ta ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 21, shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1981 Velez ta ɗauki kofin Yugoslabiya karon farko a tarihinta, ta doke Zeljeznicar ta Sarajevo da ci 3-2, biyu daga ciki nasa ne. Wanda ke zaune a bencin Zeljeznicar a ranar shi ne Ivica Osim, wani ɗan Bosniyan da shi ma daga baya ya horar da Japan.

Na tsaya a kan wani abu a nan: me ya sa mai ci irin wannan bai fita waje ba sai da ya kusa shekara 29? Ashe dokar ƙasar ce a lokacin, ɗan wasa ba ya tafiya ƙungiyar waje sai ya cika 28. Wato shekarun ganiyarsa a gida ya ƙarar da su. Ya isa Nantes ta Faransa a 1981, kakar farko ta yi masa wuya, domin salon Nantes na gajerun fasin ne da saurin musayar wuri, shi kuma ya saba a kawo masa ƙwallo cikin da'ira ya ƙarasa. Da Jean-Claude Suaudeau ya karɓi ƙungiyar suka fahimci juna. A kakar 1982-83 Nantes ta ci lig, shi ya fi kowa ci da ƙwallo 27. A 1984-85 ya sake zama na ɗaya da 28. Ya yi kaka ɗaya a Paris Saint-Germain, ya rataye takalmi a 1987.

Da tawagar ƙasa kuwa bai ji daɗi ba. Wasa 15 kacal ya buga wa Yugoslabiya, ya ci 8. A kofin duniya na 1982 a Sifaniya daga benci ya riƙa shigowa, 'yan mintuna kaɗan, aka fitar da su a zagayen farko. Na ja layi a ƙarƙashin wannan a littafina. Mutumin da daga baya ya yi suna wajen ajiye manyan 'yan wasa a benci ya san ɗacin bencin da kansa.

Sai yaƙi. Ya koma Mostar yana aiki da Velez lokacin da Yugoslabiya ta fara wargajewa. A 1992 ya ji rauni a Mostar. A 1993, da rikici ya ɓarke tsakanin Musulmin Bosniya da Kuroshiyawa a cikin birnin, aka yi ta yi masa barazana har ya bar garin, bayan tafiyarsa aka wawashe gidansa aka ƙone. A watan Nuwamban shekarar aka rusa tsohuwar gadar Mostar, wadda Daular Usmaniyya ta Turkawa ta gina tun 1566. Ita kanta Velez an raba ta da filin wasanta. Duk abin da ya tara a shekarunsa na Faransa ya tafi, ya koma can yana da shekara 40 da 'yan kai ya fara daga tushe a Beauvais, ƙungiyar rukuni na biyu, daga nan ya yi zaman rashin aiki.

Daren da muka zo wannan gaɓar ba mu yi nisa ba. Abokina ya kashe wayar ya ce mu bari sai gobe. Ni kuma na koma gida ina juya abin a raina. Ban ce yaƙi ne ya yi masa halinsa ba, domin waɗanda suka buga wasa da shi sun san shi da taurin kai tun da can. Amma wanda ya ga gidansa ya zama toka ba zai yi haƙuri da yaron da ake biya miliyoyi ya zo atisaye a makare yana hamma ba. Daga nan na fara karanta sauran rayuwarsa da wani ido.

Afirka ce ta fara ɗaga shi a matsayin koci. A 1997 ya karɓi Raja Casablanca ta Maroko, a shekarar ya ci mata kofin zakarun Afirka. Da Obuasi Goldfields ta Ghana suka yi wasan ƙarshe, kowa ya ci 1-0 a gidansa, Raja ta yi nasara a bugun fenariti. Ya ƙara da kofin lig na Maroko, sai Lille ta kira shi a 1998 tana can ƙasan teburin rukuni na biyu a Faransa. Wannan shafin ne ya fi cika a littafina. A 2000 ya hau da ita rukunin farko tana ta ɗaya. A kakar da ta biyo baya, da kusan waɗannan 'yan wasan da ba wanda ya san su, ta ƙare a ta uku, ta fitar da Parma ta Italiya, ta shiga rukunin gasar zakarun Turai tare da Manchester United. Abin da ya kai su can ba ɓoyayye ba ne: gudu har sai ƙafa ta gaji, tsaron baya da kowa ke da hannu a ciki har da mai ci, da doka guda a kan kowa.

Daga Lille shafukan suka fara kama da juna. Rennes ya cece ta daga faɗuwa. A Paris Saint-Germain, a shekarar da Ronaldinho ya tafi Barcelona, ya ƙare na biyu a lig ya kuma ci kofin Faransa na 2004, Pauleta ya ci ƙwallon wasan ƙarshe. Watan Fabrairun 2005 aka sallame shi. Trabzonspor ta Turkiyya, Al-Ittihad ta Jidda, Dinamo Zagreb inda ya bar aiki bayan cacar baki da shugaban ƙungiya alhali suna saman teburi. Gidan tsakiya na shafin kullum cike yake da gyara, gida na uku kuma kullum rigima.

Wasan da na zaɓa in feɗe ba sai an tambaya ba. Na sauke shi a waya gunduwa-gunduwa da datar dare. Malam ya koya mana yadda ake yi: kallon farko ka bar shi ya tafi ba tsayawa, kamar kowane ɗan kallo. Bayan haka ka daina bin ƙwallo. Ka zaɓi layi ɗaya ka zuba masa ido shi kaɗai, ko da ƙwallo tana wancan gefen. Wannan shi ne mafi wuya, domin ido ya saba da bin ƙwallo, sai ka ga ka koma mata ba ka sani ba. Na shimfiɗa tabarma, na zana fili da alli a kan simintin tsakar gida, na tara marafan lemon kwalba, koraye na Aljeriya, farare na Jamus. Duk inda na dakatar da bidiyo sai in jera su yadda 'yan wasan suke tsaye, in kwafe a takarda.

Kafin wasan kansa sai da na bi hanyar da ta kawo su. Ya karɓi Aljeriya a 2011, aka fitar da su a zagayen rukuni na kofin Afirka na 2013, jaridun ƙasar suka yi masa ca. Tikitin Birazil da ƙyar ya samu: Burkina Faso ta doke su 3-2 a Wagadugu, suka rama 1-0 a Blida. A Birazil Beljiyam ta doke su 2-1 bayan sun fara ci. Sai ya canza mutum biyar, suka lallasa Koriya ta Kudu 4-2, karon farko da wata ƙasar Afirka ta ci huɗu a wasa ɗaya na kofin duniya. Suka yi 1-1 da Rasha, Islam Slimani ya farke da ka, Aljeriya ta tsallake zagayen rukuni karon farko a tarihinta. Kuma wa za ta tarar? Jamus, wadda Aljeriya ta doke 2-1 a 1982, a gasar da wasan Jamus ta Yamma da Ostiriya ya fitar da Aljeriyar ta hanyar da har yau Aljeriyawa ba su yafe ba. Vahid yana wannan gasar a bencin Yugoslabiya.

Abu na farko da marafan suka nuna mini shi ne ya sake canza tawaga sosai. Yacine Brahimi da Abdelmoumene Djabou, waɗanda suka ci Koriya, duk a benci suka fara. A gidan kallo a wancan daren mun zage shi a kan haka. A kan siminti kuwa dalilin ya fito fili. 'Yan bayan Jamus huɗu, Mustafi da Mertesacker da Boateng da Howedes, dukkansu asalinsu 'yan tsakiyar baya ne, Hummels ba shi da lafiya, Lahm kuma an kai shi tsakiya. Suna hawowa har kusan layin raba fili, su bar makeken fili a bayansu, kuma Mertesacker ba mai gudu ba ne. Vahid bai nemi masu lailaya ƙwallo ba, ya nemi masu ƙafa. Ya dasa Medhi Lacen da Mehdi Mostefa a gaban 'yan baya su toshe tsakiya. Da zarar an ƙwace ƙwallo, fasin ɗaya ko biyu, sai a cilla ta bayan layin Jamus, Slimani da Soudani da Feghouli su bi ta, Faouzi Ghoulam kuma ya hauro ta hagu.

Na kalli rabin farko ina bin Slimani kaɗai. Yaron ba ya tsayawa gaban ɗan baya ya jira. Yana laɓewa a kafaɗarsa, ya ɗan ja baya kamar ba ruwansa, sai ya ɓalle a daidai lokacin da mai fasin ya ɗaga kai. Wannan motsin mai ci ne ya koya masa shi, ko aƙalla mai ci ne ya san darajarsa har ya gina wasa a kai. A nan na ga inda ɗan wasan Nantes da kocin Aljeriya suka haɗu. Ana yi wa Vahid kallon kocin tsaro, amma tsaron nasa tarko ne da aka ɗana domin ɗan gaba ya sami fili.

Abin da ya hana tarkon kamawa mutum ɗaya ne, golan Jamus Manuel Neuer. Sau da yawa na dakatar da bidiyon na rasa inda zan ajiye marfinsa, domin ya bar da'irarsa ya fito yana share ƙwallo da ƙafa da ka kamar ɗan baya. Slimani ya zura ɗaya da ka aka ce satar gida. A ɗaya gefen golan Aljeriya Rais M'Bolhi ya yi ta kaɗe ƙwallaye har aka ba shi gwarzon wasan duk da an doke su. Bayan hutun rabin lokaci Schurrle ya shigo, daga baya Mustafi ya ji rauni Lahm ya koma gefen dama, Jamus ta daidaita, ƙafafun Aljeriya kuma suka fara nauyi. A takarduna ana ganin tazarar da ke tsakanin 'yan bayansu da 'yan tsakiya tana ƙara buɗewa. Minti biyu da shiga ƙarin lokaci Schurrle ya ci da dunduniya daga fasin Muller, Ozil ya ƙara daf da tashi, Djabou ya rage ɗaya. Wannan Jamus ɗin ce ta je ta zura wa Birazil 7-1 ta kuma ɗauki kofin. Har shugaban ƙasa Bouteflika ya nemi Vahid ya zauna, ya ce a'a, ya tafi.

Sashen da ya fi ci mini rai wajen rubutawa shi ne na sallama. Ƙasashe huɗu ya kai kofin duniya, guda ɗaya kacal ya raka. Kwaddibuwa ya karɓa a 2008, da su Drogba da Yaya Toure da Kolo Toure da Kalou, ya samo tikitin Afirka ta Kudu ba tare da an doke shi a wasannin neman gurbi ba. A kofin Afirka na 2010 aka ajiye su a Cabinda ta Angola, inda 'yan bindiga suka buɗe wa motar tawagar Togo wuta, kuma rukuninsu ɗaya da Togon. A wannan yanayin suka buga gasar. A wasan kwata fainal suna gaba 2-1 a minti na 89, Aljeriya ta farke a mintunan ƙarshe ta kuma ci na uku a ƙarin lokaci. Watan Fabrairu aka aiko masa da takardar kora ta na'urar fakis, aka ba Sven-Goran Eriksson, wanda bai wuce zagayen rukuni ba.

Japan ya karɓa a 2015. Ya takura musu a kan ƙarfin jiki da cin galaba a karon mutum da mutum, har kitsen jikin 'yan wasa yake bibiya. Sun doke Ostireliya 2-0 a ƙarshen Agustan 2017 suka sami tikitin Rasha. Ya fara ajiye su Honda da Kagawa, wasannin sada zumunta suka ƙi kyau, watan Afrilun 2018 hukumar ta sallame shi da hujjar cewa fahimta da yarda tsakaninsa da 'yan wasa sun yi rauni. Ya kai ƙara kotu yana neman a ba shi haƙuri da diyyar yen (kuɗin Japan) ɗaya tak. Wannan yen ɗin ya faɗa mini abin da ke ransa fiye da duk hirarrakin da aka fassara mini.

Tsakanin Japan da Maroko ya koma Nantes. Ya tarar da Emiliano Sala, ɗan gaba irinsa, ya farfaɗo da shi har Cardiff ta saye shi, sai jirgin da ya ɗauko yaron ya faɗi a teku a Janairun 2019. Na kalli bidiyon wasan da aka tsayar a minti na tara domin tunawa da shi, tsohon yana tsaye a bakin layi yana kuka. Na sa wannan a bayanina da gangan, saboda masu ganin mutumin ba shi da zuciya.

Maroko kuwa kowa ya san labarin. Ya karɓa a 2019. Suna otal a Konakiri aka yi juyin mulkin Gini na Satumban 2021, sai da aka fitar da su da rakiya. Sun ci duk wasanninsu shida na rukuni a neman gurbin kofin duniya na Katar, suka yi 1-1 da Kwango a Kinshasa, suka ci 4-1 a Casablanca, biyu daga ƙafar Azzedine Ounahi, yaron da shi ya fara sa wa rigar ƙasa. Amma ya ɓata da Hakim Ziyech, ya zarge shi da ƙin buga wasa da sunan rauni, ya je kofin Afirka a Kamaru babu shi babu Noussair Mazraoui, Masar ta fitar da su a kwata fainal. Ziyech ya ce ya daina buga wa ƙasa. Watan Agustan 2022, saura wata uku a tafi Katar, aka raba gari. Sabon koci Walid Regragui ya dawo da Ziyech, Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba.

Ranar bayani na zana filin a allo, na manna takarduna a gefe. Ina gama maganar Maroko wani daga baya ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi." Wani ya tare shi cewa ai sakamakon Katar ya wanke hukumar Maroko, tunda Ziyech ya ci Kanada ya kuma bayar aka ci Beljiyam. Aji ya rabu biyu. Malam ya bari aka ɗan yi, sannan ya ɗaga hannu ya dube ni.

"To, Koci, da kai ne, za ka kira Ziyech?"

Na ce, "Zan kira shi, Malam, amma sai mun zauna tukuna."

"Shi me ya hana shi zama?"

Na faɗa masa abin da littafina ya nuna mini. Dokar da ta ɗaga Lille daga ƙasan rukuni na biyu zuwa gasar zakarun Turai ita ce dokar da ta kori Ziyech, ba za a yabi ɗaya a zagi ɗaya ba. Yara irin su Slimani da Ounahi sun yi masa gudun mutuwa ne saboda sun ga suna ba ya ba kowa riga a wurinsa. Inda na ga ya gaza shi ne ba ya barin ƙofar dawowa. A kulob idan kun ɓata da ɗan wasa sai a sayar da shi a sayo wani. Ƙasa kuwa ba ta da kasuwa, 'ya'yanta ke nan, kuma idan gasa ta matso jama'a da hukuma za su zaɓi ɗansu a kan baƙo ko da baƙon ne da gaskiya. Na ce korar Kwaddibuwa zalunci ce tsagwaronta, wasa ɗaya aka hukunta shi a kai. Ta Maroko kuwa kowane ɓangare yana da abin faɗa, sai dai ƙashin bayan tawagar da ta je Katar, su Bono da Saiss da Aguerd da Amrabat da Ounahi, a hannunsa suka saba da juna, kuma ya cancanci a riƙa faɗin hakan.

Malam bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya ce a ɗauko ƙwallaye a fita.

A fili na jera 'yan baya huɗu a kusa da layin tsakiya, na sa biyu a tsakiya su ƙwace ƙwallo, uku a gaba. Sharaɗin shi ne daga ƙwacewa zuwa cillawa kada a wuce taɓawa uku, ɗan gaba kuma kada ya motsa sai mai fasin ya ɗaga kai. Da farko duk satar gida suka riƙa yi, kowa na ɗokin ɓallewa. Na tsayar da su, na kama kafaɗar ɗaya na ja shi baya taku biyu, na nuna masa ya karkata jikinsa yana ganin ƙwallo da ɗan baya a lokaci guda. Daga nan abin ya fara shiga. Malam ya zo ya matso da golan gaba har wajen da'irarsa, ya ce tunda Neuer ne ya lalata shirin a wasan gaske, dole yaran su koyi abin da za su yi idan gola ya fito. Ya ce in ƙara wannan a rubutaccen rahoton da zan miƙa, tare da zanen yadda tazarar layukan Aljeriya ta buɗe bayan minti na 70.